Shawara ga masu harba tsofaffin harsasan soja

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka masu zuwa filin gwajin harbi. Na ga da yawanmu sun sayi Mosin-Nagant, tsohuwar bindigar Rasha ta 1891, suna haɗawa da harsasan 7.62x54R na zamanin Tarayyar Sobiyat masu zuwa a rufaffen gwangwani, saboda araha.

Ku sani, ɗan makunnin da ke gindin yawancin waɗannan harsasan yana da sinadarin fotasiyam kulorat. In ya ƙone sai ya bar gishiri a cikin bututun bindiga, gishirin ya jawo danshi, kafin kwana biyu tsatsa ta kama. Mai ba ya narkar da gishiri, ruwa ne ke yi. Da ka dawo gida, ka tabbatar babu harsashi a ciki, ka zuba ruwan zafi ta bututun, ka goge sakatar ma, ka busar sarai, sannan ka shafa mai. Ni na taɓa barin tawa zuwa washegari, har yau ina ganin tabon, kuma yana damuna.

Masu son sake cika kwanson harsashin da aka harba kuwa, ku haska cikinsa. Ƙananan huda biyu a gindinsa alamar nau'in makunnin da ake kira Berdan ce, galibi kwanson ƙarfe, wahalarsa ta fi amfaninsa. Kada ku juye tsohon albarushin da ba ku san sunansa ba cikin wani kwanso. Wanda yake warin tsami ko ya yi jajayen ƙura ya lalace, a kai shi inda hukuma ke karɓar irinsa.