Yadda zaka gano asalin kalmar gabut da ire-irenta

Samarinmu na Garwa da Marwa masu hira da 'yan Indonesiya a Facebook da TikTok, kuna yawan cin karo da "gabut" kuma Google bai cika fassara ta daidai ba, toh ga yadda ake kwance ta.

Da farko ka sani wannan yaren samari ne, su suna ce masa bahasa gaul, kuma sau da yawa kalmomi biyu ake gutsurewa a manne. Ai kowa ya san Indomie, Indo daga Indonesiya, mie kuma taliya, to haka ɗinkin yake. Sai ka raba kalmar gida biyu, ga da but. Ga ɗin kan "gaji" ne wato albashi, but kuma kan "buta" ne, makaho. Makahon albashi kenan, mutum yaje biro ya zauna tun safe har la'asar bai tsinana komai ba amma ƙarshen wata ya karɓi kuɗinsa cif, kuma suna da tsohuwar magana "makan gaji buta", cin albashin da ba'a yi wa gumi ba.

Nan fa ayi hattara dan Allah, kunnen Bahaushe na jin gaji sai ya tafi gajiya, yaji buta sai ya tuna ta alwala, wallahi babu abinda ya haɗa su, kamar sauti ce kawai. In kana shakka ka buɗe KBBI a intanet, shine babban ƙamusunsu tun 1988, ka nemi gaji daban buta daban.

Bayan haka kar ka tsaya a asali, ka karanta yadda suke amfani da ita yanzu, dan ma'anar ta riga ta zame. Ɗan lakol da bai taɓa karɓar albashi ba zai rubuto maka "lagi gabut", nufinsa ba abin yi, zaman ya ishe shi, kusan zaman kashe wando amma ba zagi a ciki.

Ka gwada dabarar akan mager, malas da gerak, ƙyuyar motsi. Baper kuma "bawa" wato ɗauka, da "perasaan" wato abinda ake ji a rai, mai saurin sa abu a rai. Kuma kar ka haɗa mager da gabut in zaka ba da amsa, mai mager yana da aiki jiki ne ya ƙi tashi, mai gabut kuwa aikin ne babu.