Yadda Shugaba Zai Yi Magana da Ma'aikatansa Su Yi Aiki da Zuciya Ɗaya

Duk wanda ke da mutane a ƙarƙashinsa, ko manajan ofishi ne a garin Gombe ko mai sito a kasuwar Tudun Hatsi da yaransa da 'yan dako, ya dace ya buɗe yininsa da gaisuwa. Ka gaisa da kowa da sunansa, daga akanta har mai gadi, ka tambayi iyali, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Wanda ya girme ka, ko da masinja ne, ka kira shi Baba ko Malam.

Idan za ka ba da aiki, ka faɗi abin da za a yi, da wanda zai yi, da ranar da kake bukatarsa. "A dai yi ƙoƙari" ba umarni ba ne.

Inda shugabanni da yawa ke tuntuɓe shi ne wurin gyara. Wanda ka tsawata wa a gaban abokan aikinsa zai ce "to, ranka ya daɗe", amma daga ranar zai riƙa ɓoye maka kurakurai har sai sun girma. Saboda haka ka kira shi gefe, ka fara jin ta bakinsa ba tare da ka katse shi ba, sannan ka ambaci laifin kansa, wato lissafin da bai daidaita ba ko buhunan da ba a ƙirga ba, ka bar halinsa da asalinsa. Wannan yana da nauyi ƙwarai a jihar da Bafulatani da Batangale da Batere, Musulmi da Kirista, ke aiki a ɗaki ɗaya. Kada kuma ka yi faɗa a zauren WhatsApp na ma'aikata, domin rubutu yana zama bayan fushi ya wuce. Yabo kuwa a bainar jama'a ake yin sa, tare da faɗin ainihin abin da mutum ya yi.

A ganina, batun kuɗi ne ma'aunin gaskiyar shugaba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi wa ma'aikata nauyi, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai sauke musu shi duka ba. Kada ka yi alkawarin ƙarin da ba ya hannunka. Idan albashi zai yi jinkiri, ka tara su tun kafin ƙarshen wata ka gaya musu dalili da ranar da kake sa rai, domin wanda ke gidan haya da wanda mai shago ke bi bashi su san abin da za su faɗa.