Yadda nake zaunar da 'yan aji ɗaya don hankalinsu ya tsaya

Malamai 'yan'uwana, kafin ku ce yaro ba ya jin magana, ku sunkuya ku dubi ƙafafunsa. Yawancin bencinan da ake kawo mana, da awon 'yan aji shida kafinta ya yi su. Ɗan shekara shida ya hau, ƙafa na lilo a sama, haɓa a kan tebur, baya babu majingina. Kafin ki gama rubuta kwanan wata a allo ya fara zamewa, ya mintsini na kusa da shi. Ba rashin kunya ba ne, jikinsa ne ya gaji.

Don haka gyaran farko shi ne tafin ƙafa ya taka wani abu. A kira kafinta ya rage ƙafar benci. In hedimasta bai yarda a taɓa kayan makaranta ba, a shimfiɗa katako ko a jera bulo a ƙarƙashi. Tebur kuma ya tsaya daidai gwiwar hannu. Tun 1907, da Maria Montessori, masaniyar ilimin yara 'yar Italiya, ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum, wannan na cikin abubuwan da ta fara yi: ƙananan kujeru da tebura marasa nauyi waɗanda yaro zai iya ɗagawa da kansa.

Sai babbar maganar: aikin da za a yi shi ke zaɓen zama. In labari zan ba su ko za mu yi karatun baki, tabarma muke sauka, su yi rabin da'ira, ni ma in zauna a kujera 'yar tsugunno don idona ya zo kusa da nasu. A nan ne yarinyar da ba ta taɓa buɗe baki daga bencin baya ba take ɗaga hannu. Wani bincike da aka yi kan 'yan aji huɗu a Jamus, aka buga a 1999, ya samu cewa yara sun fi yin tambaya a rabin da'ira fiye da a layi. Amma da zarar an zo rubutu, kowa ya koma benci ya fuskanci allo. Kada wani ya raina zaman layi wai tsohon yayi ne. A Ingila, masu bincike Hastings da Schwieso sun nuna a 1995 cewa in aikin kowa da nasa ne, yara sun fi duƙufa a layi, kuma waɗanda hankalinsu ya fi saurin rabuwa su suka fi amfana. Zaman rukuni kuwa ina ajiye shi ne don lissafi da murafun kwalba, inda dole sai sun yi magana da juna.

Wurin da abin ke lalacewa shi ne sauyin zama. Ku zana wa kowane yaro alamarsa a ƙasa da fenti, ku zaɓi gajeriyar waƙa guda ɗaya, kafin ta ƙare kowa ya isa wurinsa. Mai runtse ido in yana kallon allo da mai yawan cewa "na'am?" ku matso da su gaba. Da hunturu sanyin siminti na ratsa tabarma, sai a sa kwali a ƙarƙashinta.

Akwai yaron da ko me aka yi sai ya motsa. Ku tuna yadda yara ke rangaji a makarantar allo, jiki na gaba da baya, karatu kuma na shiga. Ni irin wannan yaron barinsa nake ya yi rubutunsa a tsaye a teburin baya, ko in ba shi rabon littattafai. A Amurka wasu makarantu na zaunar da yara a kan manyan ƙwallayen roba. Binciken 2003 da ake yawan ambata yara uku kacal ya duba, masu larurar rashin natsuwa, kuma binciken da suka biyo baya ba su zo da sakamako iri ɗaya ba. Ba zan ba kowa shawarar kashe kuɗin iyaye a kansu ba.

Na san manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya yara 35, alhali da yawanmu muna da ninkin haka. Ku raba ajin biyu: rabi a tabarma tare da ku, rabi a benci suna kwafe haruffa, sannan a yi musanya. Don ku san ko gyaran ya ci, ku zaɓi yara kaɗan da suka fi ba ku wahala, ku riƙa ɗaga ido lokaci-lokaci kuna sa alama a takarda in suna kan aiki. Ku yi haka mako guda kafin sauyin, mako guda bayansa, a darasi iri ɗaya, sannan ku gwama takardun biyu.