Kare a Birnin New York: Kurakuran da Sabbin Zuwa Suka Fi Yi

A gida kare mai gadi ne, ya kwana a ƙofar gida, da safe a zuba masa ragowar tuwo. A New York kuwa kare na da rajista kamar mota, kuma nan ne 'yan uwanmu na Bronx da Harlem kan yi tuntuɓe, musamman idan yara suka matsa aka karɓo ɗan kwikwiyo.

Babban kuskuren shi ne ɗauka cewa takardar allurar likitan dabbobi ita ce lasisi. Ba ita ba ce. Allurar rigakafin ciwon haukan kare dole ce da zarar ya kai wata 4, amma lasisi Sashen Lafiya na birnin ne ke bayarwa, ana kuma iya nema ta intanet. Kuɗinsa dala 8.50 ne a shekara idan an dandaƙe karen ko an cire wa karyar mahaifa, idan ba a yi ba dala 34. Wasu ma sun biya, sai su jefa ɗan ƙarfen lambar lasisin da aka ba su cikin durowa tare da makullai da tsofaffin rasit. A wuyansa ake rataya shi duk sanda zai fita. Ranar da ya ɓace, wannan lambar ce za ta dawo maka da shi.

Igiya kada ta wuce ƙafa 6. Kashinsa kuma kai za ka kwashe, doka ce tun 1978, don haka sa leda a aljihu, ko ƙyama ta kama ka.

Mazaunin gidajen gwamnati na NYCHA (hukumar gidaje ta birnin) sai ya fara tambayar ofishinsu kafin ya kawo kare, domin akwai iyakar nauyin kare, akwai kuma jinsunan da aka hana.

Wanda ya fi damuna shi ne cizo, don ya shafi har marar kare. Karen maƙwabci ya ciji yaro, sai a ce a rufa asiri, zaman tare ake. Haba! A wanke wurin da ruwa da sabulu sosai, a je asibiti, a kai rahoto cikin awa 24. Ba kashe karen za a yi nan take ba, yawanci sa masa ido ake yi na kwana 10.

Ka ga kare yana gararamba ba mai shi? Kira 311, lambar wayar hukumar birnin. Idan yana kai wa mutane farmaki ne, 911.