Faifai ɗaya ya fara mutuwa a RAID: kurakuran da ke jawo a rasa komai

Ranar da fitilar faifai ɗaya ta koma ja a akwatin NAS na ofis (na'urar ajiyar fayiloli mai faifai da yawa da kwamfutocin ofis ke haɗuwa da ita), bayananka suna nan lafiya tukuna. Domin irin wannan rana aka ƙera tsarin RAID, wato haɗa faifai da yawa su yi aiki tare: RAID 1 mai faifai biyu da RAID 5 suna jure mutuwar faifai ɗaya, RAID 6 yana jure biyu. Ɓarnar da ke sa mutum kwana ba barci takan fito ne daga abin da hannu ya yi cikin gaggawa bayan an ga jar fitilar.

Babban kuskure shi ne a sa sabon faifai a fara sake gini, wato mayar da bayanan faifan da ya lalace kan sabon, kafin a kwashe muhimman fayiloli. Sake gini yana tilasta wa sauran faifan su karanta kansu daga farko har ƙarshe ba hutawa, kuma faifai mai TB 8 yana iya cin yini guda ko fiye. Su kuma sauran, galibi rana ɗaya aka sayo su, awanni ɗaya suka yi suna juyawa, zafi ɗaya suka sha. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A RAID 5, in faifai na biyu ya ci karo da gurbin da ba ya karantuwa ana tsakiyar aiki, ginin yana iya tsayawa cak. Saboda haka ka fara kwafe abin da ba za a iya sake samu ba zuwa wani faifai na waje: lissafin kuɗi, takardun ma'aikata, hotunan kwastomomi. Sauran tarkace su jira.

Kuskure na biyu shi ne cire faifan da ba shi ne mai laifi ba. Wannan yana ba ni takaici ƙwarai, domin minti biyu sun isa a kauce masa. Sunayen da Linux ke ba faifai, irin su sda da sdb, suna iya sauyawa in an sake kunna na'ura, don haka ba abin dogaro ba ne. Lambar siriyal ce shaida. Ka duba ta da manhajar smartctl ko a shafin kula da NAS ɗin, ka rubuta a takarda, sannan ka gwada da wadda ke manne a jikin faifan. Idan an riga an zaro mai lafiya, kada a rubuta komai a kan tsarin. A kashe na'ura, a mayar da shi gurbinsa, a sake haɗa tsarin yadda yake. Kada a taɓa umarnin ƙirƙirar sabon tsari, wato mdadm --create, kada kuma a amsa wa na'ura in ta nemi a yi fomat, domin hakan yana goge bayanan da ke nuna jerin faifan da yadda aka rarraba komai.

Wani lokaci ma faifan ƙalau yake. A rahoton SMART, wato rahoton da faifai ke bayarwa kan lafiyar kansa, in lamba ta 199 ce kaɗai ke hawa, matsalar galibi daga waya ce ko bakin da ta shiga, sai a sauya wayar SATA a sa ido. Amma in 5, 197 ko 198 sun tashi daga sifili suna ƙaruwa, fuskar faifan ce ke lalacewa. Binciken da Google ya fitar a 2007 kan faifansa ya nuna cewa faifan da ya yi kuskuren karatu na farko a gwajin fuska ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Binciken ya kuma gano cewa faifai da yawa sun mutu ba tare da SMART ya ce uffan ba, don haka rahoto mai tsabta ba lasisin sakaci ba ne.

Idan akwatinka yana da gurbi fanko, kuma tsohon faifan yana ɗan numfashi, kada ka yi saurin zare shi. Ka sa sabon a gefensa, ka yi amfani da umarnin zpool replace a tsarin ajiya na ZFS ko mdadm --replace a Linux. Ta haka tsohon yana ci gaba da taimakawa da abin da yake iya karantawa har kwafi ya kammala, sannan a sallame shi.

Wajen saye ma ana tuntuɓe. Dole sabon ya kai girman tsohon ko ya fi shi. Ka kuma tabbatar CMR ne, wato mai layukan rubutu da ba sa hawa kan juna, ba SMR ba. Faifan SMR yana jera layukan rubutu suna hawa kan juna, sai ya riƙa jan ƙafa in rubutu ya yi yawa, har tsarin ya ɗauka ya mutu ya fitar da shi. A 2020 aka gano cewa wasu faifan WD Red na kamfanin Western Digital masu TB 2 zuwa 6 na SMR ne, daga baya Western Digital ya ware na CMR da sunan Red Plus. In na hannu ka saya a kasuwa, lamba ta 9 a SMART za ta nuna awannin da ya yi yana aiki, kuma ka yi masa dogon gwaji kafin ya shiga tsarin.

Batun wuta kuma mu muka fi kowa saninsa. Kada a fara sake gini sai akwatin yana kan UPS ko inbata mai batir lafiyayye da zai riƙe shi har a tada janareta, kuma a kakkaɓe ƙurar fanka tukuna, musamman bayan hunturu.

Faifan da ya fara ƙas-ƙas kuwa, kowace kunnawa tana ƙara masa rauni. Sa shi a firji ba ya gyara komai, sai dai raɓa ta taru a ciki. In tsarin ya riga ya rushe, a kwafi kowane faifai mai matsala zuwa sabon faifai da manhajar ddrescue, a yi ƙoƙarin ceto a kan kwafin, asalin kuma a ajiye shi a kashe.