Yadda Ake Bin Diddigin Doka a Majalisar Dokokin Nijar

Tun daga 26 ga Yulin 2023 majalisar dokokin ƙasa da ke dandalin Concertation a Yamai ba ta zama, amma tsarin da ta yi aiki da shi a ƙarƙashin kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamban 2010 ya kamata kowane ɗan ƙasa ya san shi, domin da shi ne za a auna duk majalisar da za ta zo nan gaba. Kafin ta daina zama, kujeru 171 ne a majalisar, daga ciki 8 na mazaɓu na musamman na ƙananan ƙabilu, 5 kuma na 'yan Nijar mazauna ƙetare, kuma wa'adin depite, wato ɗan majalisa, shekara 5 ne.

A wancan tsari, abu na farko da mai bin diddigi zai tambaya shi ne inda dokar ta fito. Idan gwamnati ce ta kawo ta, sai taron majalisar ministoci ya amince da daftarin kafin a miƙa shi, kuma ana karanta sanarwar wannan taro a gidan talabijin na Télé Sahel da gidan rediyon Voix du Sahel, jaridar Le Sahel ma tana buga ta. Depite shi ma yana da ikon gabatar da nasa ƙudurin, ko da yake mafi yawan dokokin daga hannun gwamnati suke fitowa.

Daga nan sai a nemi sanin kwamitin da aka ba aikin, kuma a ganina nan ne ya fi cancanta a sa ido. A cikin kwamiti ne ake kiran minista ya zauna gaban 'yan majalisa da takardunsa, a saurari ƙungiyoyin ƙwadago ko na farar hula, a bi daftarin aya bayan aya, a soke wata kalma a sa wata. Malamin makaranta a Tawa da ke da ƙorafi kan wata aya, ko makiyayin da dokar za ta taɓa burtalinsa, wannan ne lokacin da ya dace ya rubuta wa depiten yankinsa, ya ambaci lambar ayar da gyaran da yake so. Wanda ya jira ranar babban zama ya makara, domin a ranar mai gabatar da rahoto karanta abin da aka riga aka daidaita yake yi, a yi muhawara, a kaɗa ƙuri'a.

Bayan ƙuri'a, a ƙarƙashin kundin na 2010, shugaban ƙasa yana da kwana 15 ya sa hannu, ko ya mayar da dokar a sake nazarinta, kuma ana iya kai ta gaban kotun tsarin mulki. Cikakken rubutunta yana fitowa a Journal Officiel, wato jaridar hukuma da ake buga dokoki a ciki. A kula kuma, dokoki da yawa ba sa aiki sosai sai gwamnati ta fitar da dokar zartarwa, wadda wani lokaci takan daɗe ba ta fito ba.

Lokacin da take zama, majalisa takan yi manyan zama biyu a shekara, na biyun kuwa na kasafin kuɗi ne, inda ake yanke abin da za a ba asibitoci, makarantu da rijiyoyi. Duk alkawarin da aka yi a lokacin yaƙin zaɓe, a cikin kundin kasafin ake duba ko an ware masa kuɗi.

Sauran aikin majalisar shi ne sa ido kan gwamnati ta hanyar tambayoyi na baki da na rubutu, da kwamitin bincike, da ƙuri'ar yanke ƙauna. Wannan ta ƙarshe ta taɓa aiki: ranar 31 ga Mayun 2007 depitoci 62 cikin 113 da majalisar ke da su a lokacin suka kayar da gwamnatin firaminista Hama Amadou a kan batun kuɗin ma'aikatar ilimi, aka naɗa Seyni Oumarou a madadinsa.