Babi na Bakwai: Zaɓen Katangar Tsaro ta Kyauta don Kwamfutar Gida

Darasi na 1: Mene ne aikinta?

Da zarar kun haɗa kwamfuta da intanet, ko ta modem, ko ta MiFi, ko ta hotspot ɗin waya, saƙonni na shiga suna fita ba tare da kun gani ba. Katangar tsaro manhaja ce da ke zaune a bakin wannan hanya kamar mai gadi a ƙofar gida: wanda aka gayyata ya wuce, wanda ya zo haka kawai a tsayar da shi. A allon kwamfuta za ku ga an rubuta sunanta Firewall. Ku kwafi wannan kalma a littafinku, domin ita za ku riƙa nema.

Abin ba wasa ba ne. A watan Agustan 2003 wani bairos mai suna Blaster ya riƙa shiga kwamfutoci masu Windows XP ba tare da mai kwamfutar ya danna komai ba, haɗuwa da intanet kawai ta isa. A 2004 kamfanin Microsoft ya fara kunna katangar Windows tun daga farko, ba sai mutum ya kunna da kansa ba.

Ku lura, katanga ba ta cire bairos da ya riga ya shiga, kuma ba ta kare ku daga wanda ya taho a cikin filash. Wannan aikin manhajar riga-kafin bairos ne, wato antivirus.

Darasi na 2: Ku fara duba wadda kuke da ita

Mafi yawan masu kwamfutar gida ba sa bukatar sauke komai. Windows 10 da Windows 11 suna zuwa da tasu, kyauta, kuma tana aiki da kyau. Matsalar ita ce sau da yawa a kashe take, musamman a kwamfutar da aka saya ta hannu, ko wadda mai gyara ya saka wa manhajojin da ba na asali ba, ya kashe katangar don su shiga, ya manta bai mayar ba.

Ga yadda za ku duba. Ku danna alamar Windows da ke ƙasan allo, mai murabba'i huɗu. Ku rubuta Windows Security. Ku danna shi sau ɗaya da maɓallin hagu na maus. Ku nemi inda aka rubuta Firewall & network protection, ku danna. Za ku ga layi uku: Domain network, Private network, Public network. A ƙarƙashin kowane ya kamata a ga Firewall is on. Kalmar on tana nufin a kunne, off a kashe. Idan kun ga off ko jar alama, ku danna Turn on. Kwamfuta na iya tambaya ko kun yarda, sai ku danna Yes.

Ukun duka ake so a kunne. Kada ku kunna ɗaya ku tashi.

Darasi na 3: Akwatin tambaya

Nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan. Kada ku ji kunya, kowa da haka ya fara.

Wani lokaci kuna cikin aiki sai wani ɗan akwati ya ɓullo a tsakiyar allo. Katanga ce ke tambaya: ga wata manhaja tana so a bar mutanen waje su riƙa isowa gare ta, a bari ko a hana? A ƙasa akwai maɓalli biyu. Ɗaya Allow access, ko Allow kawai, wato a bari. Ɗayan Cancel, wato a'a.

Ku ɗauke hannu daga maus tukuna. Ku karanta sunan manhajar da ke cikin akwatin, ko da harafi-harafi ne. Ku tambayi kanku abu biyu: na san wannan suna? Ni na buɗe ta yanzu? Idan amsa biyun e ce, ku danna Allow. Idan ɗaya ma a'a ce, ku danna Cancel.

Mu sake. Akwati ya ɓullo. Hannu ya bar maus. A karanta suna. Na san shi? Ni na buɗe? In da shakka, Cancel.

Waɗansu na tsoron Cancel, suna ganin kwamfuta za ta lalace. Ba za ta lalace ba. Galibi manhajar za ta ci gaba da shiga intanet yadda ta saba, masu shigowa daga waje ne kawai aka tare. In daga baya kun ga kuna bukatarta, ku koma shafin Darasi na 2, ku danna Allow an app through firewall, sannan Change settings, ku sa alama a gaban sunanta. Cancel yana da gyara cikin sauƙi. Allow da aka danna wa muguwar manhaja kuwa, kafin ku farga ta gama ɓarna.

Amma duk da wannan bayani, a kowane aji sai an sami mai danna Allow don kawai akwatin ya ba shi wuri ya ci gaba da kallo. Haba jama'a! Karatun suna ɗaya bai kai minti guda ba. Ina amfanin koyon karatu idan a wurin da ya fi muhimmanci ba za a karanta ba? Yara ma da ke taɓa kwamfutar a gida ku gaya musu: in akwati ya fito, a kira babba. Hannu ya bar maus, a karanta suna, in da shakka Cancel.

Darasi na 4: Public ko Private?

Windows na ajiye intanet ɗin da kuka haɗa a matsayin Private ko Public. Private na intanet ɗin gidanku ne da kuka yarda da duk wanda ke kansa. Public na wurin jama'a ne, kamar otal, makaranta ko shagon intanet, kuma a nan katanga ta fi tsanantawa, tana ɓoye kwamfutarku daga sauran. In ba ku haɗa firinta ko wata kwamfuta a gida, ku bar intanet ɗinku a Public ko'ina. A cikin akwatin Darasi na 3 ma, in kun ga wurin sa alama na Public networks, ku bar shi babu alama. Kuma a karanta suna tukuna.

Darasi na 5: Sauran na kyauta

Katangar Windows tana tare masu shigowa, amma yadda ta zo ba ta hana manhaja fita. Mai son ya riƙe fita ma yana da zaɓi. TinyWall ƙarama ce, ba ta nauyaya tsohuwar kwamfuta, ba ta fito da akwatin tambaya, sai dai tana toshe kusan komai har sai kun ba kowace manhaja izini da kanku. Wanda bai sani ba zai ɗauka data ce ta ƙare. ZoneAlarm da Comodo suna da na kyauta, amma sun fi nauyi, kuma Comodo tambayoyinta sun yi wa ɗan koyo yawa. GlassWire tana nuna wace manhaja ce ke shan data.

A sauke daga shafin kamfanin kawai. Kada a haɗa ZoneAlarm da Comodo a kwamfuta ɗaya, za su yi karo, intanet ya tsaya. Shawararmu ga ɗan koyo ita ce ya tsaya a ta Windows.

Darasi na 6: Tsofaffin Windows

Microsoft ya daina gyara Windows 7 a Janairun 2020, tallafin Windows 10 na gama-gari kuma ya ƙare a Oktoban 2025. Katanga ba ta maye gurbin waɗannan gyare-gyare. A nemi mai gyara amintacce a sabunta.

Aikin gida: ku buɗe shafin Darasi na 2, ku kwafi abin da aka rubuta a ƙarƙashin layi ukun, ku kawo aji.